Alƙalin alƙalan Ailan da ya zama shugaban ƙasa sannan ya ajiye mulki: kare kujera ne ko zuciya?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Tun jiya da daddare nake karatu akan wani alƙali na ƙasar Ailan mai suna Cearbhall Ó Dálaigh, wlh abin ya tsaya min a rai shi yasa nace bari in kawo shi nan tunda akwai waɗanda suka riga mu a harkar. An haife shi 1911 a wani gari Bray kusa da Dublin, ya zama lauya 1934, antoni janar 1946 yana ɗan shekara 35 kacal, alƙalin kotun ƙoli 1953, alƙalin alƙalai daga 1961 zuwa 1973, daga nan ya tafi kotun Turai da ke Luksamburg, sannan a Disamba 1974 ya zama shugaban ƙasa ba hamayya. Ko shekara biyu bai cika ba, ranar 22 ga Oktoba 1976 ya ajiye mulkin saboda ministan tsaro ya tsaya gaban sojoji ya ce masa babban abin kunya. Tambayata ita ce, ya yi daidai ko kuwa zuciya ce ta ɗebe shi? Ni dai a ganina ya yi daidai amma ina so in ji naku

Sadiya: Wa alaikumus salam. Yaya Nura kafin komai ya ake kiran sunan nan don Allah, na gwada sau uku harshena ya ƙi

Auwal Dublin: Sadiya kamar ki ce Karul O Dali, haka nake ji suna faɗa a nan. Rubutun harshensu na asali ne ba Turanci ba, kuma shi mutumin nan ya riƙe harshen da gaske, tun yana saurayi shi ne editan sashen harshen Ailan a jaridar Irish Press wadda de Valera, jagoran jam'iyyar Fianna Fáil, ya kafa. Har yau tsofaffi in ka ambaci sunansa labarin ministan nan suke fara kawo maka, ba shari'o'insa ba

Kabiru: Ni fa ban yarda ba Nura. Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Ka bar kujerar alƙali ka shiga fadar shugaban ƙasa, toh ka shiga siyasa kenan, a siyasa kuwa zagi abincin yau da gobe ne. Kuma ministan ai ya rubuta takardar ban haƙuri, har ya nemi ya je ya same shi ido da ido ya ƙi ganinsa. Ƙasa tana cikin tashin hankali ana kashe mutane kai kuma ka ƙara mata rikicin tsarin mulki saboda kalma biyu? Haba

Barista Hauwa: Kabiru tsaya mu jera abin yadda ya faru tukuna, don in ba a san me ya jawo zagin ba za a ɗauka faɗan mutum biyu ne kawai. Ranar 21 ga Yuli 1976 yan IRA, ƙungiyar da ke yaƙar mulkin Birtaniya a Arewacin Ailan da makami, suka dasa nakiya suka kashe jakadan Birtaniya Christopher Ewart-Biggs a wajen Dublin, ko sati biyu cikakku bai yi da kama aiki ba. Gwamnatin firaminista Liam Cosgrave ta sa majalisa ta ayyana dokar ta-ɓaci, sannan ta kawo ƙudiri da zai ba yan sanda damar tsare mutum kwana 7 ba tare da an tuhume shi ba, alhali kafin nan awa 48 ne iyaka. Ƙudiri ya zo teburin shugaban ƙasa. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkinsu na 1937 ya ba shi dama, bayan ya tuntuɓi majalisar magabata, ya tura ƙudiri kotun ƙoli ta duba ko ya saɓa wa kundin kafin ya sa hannu. Abin da ya yi kenan fa, bai ƙi sa hannu ba, bai yi jawabi a rediyo ya soki kowa ba. Kotu ta ce ƙudirin lafiya lau ranar 15 ga Oktoba, washegari ya sa hannu. A wannan ranar bam ya kashe wani ɗan sanda Michael Clerkin a wani kangon gida da aka yaudare su suka je. Kwana biyu bayan haka, 18 ga wata, ministan tsaro Paddy Donegan ya je barikin Mullingar buɗe wurin girkin sojoji shi ne ya saki maganar. Toh ka ga ba a kan wani laifi aka zage shi ba, a kan ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi ne

Kabiru: Barista na ji, amma ai kinga kotun ma ta ba gwamnati gaskiya. Kenan sati uku da aka ɓata a banza aka ɓata su

Barista Hauwa: Ba a banza ba ko kaɗan. Je ka karanta hukuncin. Kotun ta ce eh ƙudirin bai saɓa ba, amma ta ja layi cewa wanda aka tsare kwana 7 ɗin nan bai rasa haƙƙinsa na ganin lauya ba, da ganin likita, da kai kukansa kotu. Da an sa hannu shiru waye zai faɗi wannan tun kafin a fara kama mutane? Kuma abin lura, alƙalin alƙalan lokacin Tom O'Higgins tsohon ɗan jam'iyyar Fine Gael ne mai mulki, sau biyu ya yi musu takarar shugaban ƙasa, 1966 da 1973, amma duk da haka kotunsa sai da ta sa wannan iyakar

Baba Majistare: Salamu alaikum yarana. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan batu ya taɓa ni. Kabiru ɗana, akwai abin da ka tsallake. A Ailan shugaban ƙasa ba shi ke tafiyar da gwamnati ba, firaminista ne, amma a kundinsu shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, takardar naɗin kowane hafsa daga hannunsa take fitowa. Yanzu ministan da ke kula da sojojin ya tara su a bariki ya wulaƙanta kwamandansu a gabansu. Wannan ba zagin majalisa ba ne da ɗan adawa zai tashi ya rama. Shugaban ƙasarsu ba shi da bakin ramawa ma, ba ya yi wa al'umma jawabi sai da amincewar gwamnati. To mutumin da aka ɗaure wa baki, aka zage shi, sannan Donegan da kansa ya miƙa takardar murabus firaminista ya ƙi karɓa, sannan ranar 21 ga wata majalisa ta kaɗa ƙuri'a ta tsaya bayan ministan, Cosgrave na cikin masu kaɗawar. Me ya rage masa? In ya zauna, duk shugaban da zai zo bayansa ya san cewa ranar da ya tura ƙudiri kotu za a iya yi masa haka kuma ba abin da zai faru. Na yi shekaru a kan kujera ƙarama, amma na san abu ɗaya, ranar da aka raina umarninka a bainar jama'a ka haɗiye, gobe ba umarni kake bayarwa ba, shawara ce

Kabiru: Allah ya ƙara girma Baba, maganarku tana da nauyi kuma ban san firaministan ya ƙi karɓar murabus ɗin ba, wannan kam ya canza wani abu. Amma ku yi min afuwa akwai inda har yanzu ban gamsu ba. Mutumin nan ba ɗan ba-ruwana bane. Ɗan Fianna Fáil ne tun asali, gwamnatin de Valera ce ta naɗa shi antoni janar sau biyu, 1946 zuwa 1948 da kuma 1951 zuwa 1953, ya yi musu takarar majalisa ma 1948 da 1951 bai ci ba, kuma su suka kai shi kotun ƙoli. Gwamnatin Cosgrave kuwa ta abokan hamayyarsu ce. Ta yaya ba za su zarge shi da cewa yana musu zagon ƙasa ba? Kuma ba shi ne ƙudiri na farko da ya tura ba, ya riga ya tura wani a farkon shekarar

Nura: Yaya Kabiru ai shi ma na farkon da kotu ta wanke shi ya sa hannu ba gardama. Kuma in zagon ƙasa yake so ai tura ƙudiri kotu ba ita ce hanya ba, don a dokarsu duk ƙudirin da kotun ƙoli ta wanke ta sashe na 26 shikenan ba mai sake ƙalubalantarsa a kowace kotu har abada. Wato ma ya ƙara wa dokar gwamnati sulke ne

Barista Hauwa: Ehen Nura ka kama bakin zaren. Kuma wannan ne ma sukar da wasu lauyoyi suke wa sashen, cewa ana wanke doka a kan takarda kafin a ga yadda zata ci mutane a zahiri, kuma hukunci ɗaya tak ake fitarwa ba a bayyana ra'ayin alƙalin da bai yarda ba. Amma ni abin da nake so a gane shi ne, wanda ya san aikinsa a kotu ba zai yi mamakin abin da ya yi a 1976 ba, don mutum ɗaya ne bai canza ba. Ɗauki shari'ar Quinn. An kama mutum a Dublin da takardar kame daga Ingila, aka gano takardar tana da matsala, kotu ta sake shi, yana fitowa yan sanda suka sake cafke shi da sabuwar takarda suka jefa shi mota suka tsallaka da shi iyaka zuwa Arewacin Ailan kafin lauyoyinsa su samu komawa gaban alƙali. Mutum ya riga ya bar ƙasa, wani alƙalin cewa zai yi bakin alƙalami ya bushe. Kotun O Dali ta ce a'a, ba wanda zai mayar da haƙƙin da kundi ya bayar wasa ta hanyar gudu da mutum, ta soke sashen tsohuwar dokar 1851 da suka fake da shi, dole majalisa ta yi sabuwar dokar miƙa masu laifi a 1965. Toh mai wannan tarihin ne za a kawo wa tsarewar kwana 7 ya sa hannu ido rufe?

Sadiya: Anti Hauwa wannan shari'ar ta sa jikina ya yi sanyi wlh. Shekarun baya an kama yayana a wani kame na unguwa, kwana tara muna zarya wani ofishin yan sanda ana ce mana baya nan, ashe an mayar da shi wani wurin, mahaifiyarmu ko abinci bata iya ci. A ƙarshe ba a tuhume shi da komai ba aka sake shi. Shi yasa in naji ana cewa kwana 7 ne kawai nasan wanda ya faɗa bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan ba

Baba Majistare: Allah ya kiyaye gaba yata, ya saka wa mahaifiyarku. Kuma kin ga namu kundin na 1999 a sashe na 35 ya ce kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Mu da su duk daga tukunya ɗaya muka ɗebo, dokar Ingila muka gada, har hular gashin nan da baƙar riga. Bambancin shi ne wa zai tsaya a kan abin da aka rubuta

Auwal Dublin: Amma fa Barista kar a yi kamar mutanen Ailan sun yarda da duk abin da kotunsa ta yi. Maganar beli misali. A 1966 a shari'ar O'Callaghan suka ce ba za a hana mutum beli don ana tsoron zai sake aikata laifi ba, sai dai in zai gudu ko zai taɓa shaidu, wai hana shi saboda laifin da bai yi ba tukuna hukunci ne kafin shari'a. Shekara 30 ana gunaguni a kai, a 1996 aka yi ƙuri'ar raba gardama jama'a suka gyara kundin suka ba kotu damar hana beli a manyan laifuka. Kenan mutane da kansu suka ce alƙalan nan sun yi nisa

Barista Hauwa: Gaskiya ne Malam Auwal, amma duba hanyar da aka bi. Ba minista ne ya tashi a bariki ya zagi alƙalai ba, kundin aka mayar wa masu shi suka gyara. Wannan ai ba kayar da kotu bane, bin ƙa'ida ne. Ni har yau ina ganin hujjar 1966 ta fi ƙarfi, don ina ganin yadda mutane ke shekara biyu uku a gidan yari suna jiran shari'a, amma na yarda jama'a suna da ikon su ce ba haka suke so ba

Kabiru: Toh ni bari in ƙara wani. Ana ta cewa kotun O Dali kotun O Dali, amma masana da yawa suna cewa injin kotun Brian Walsh ne, wanda ya shiga kotun ƙoli a 1961 shekarar da shi ya zama alƙalin alƙalai. Shari'ar Byrne da ake ta yabo, matar da hanya ta rufta da ita a Bray inda ma'aikatan waya suka haƙa rami suka cike ba daidai ba, aka ce ai gwamnati ba a ƙararta tunda a da sarkin Ingila ba a kai shi kotu, kotun ƙoli ta ce wannan kariyar bata tsallako cikin jamhuriya ba, toh babban hukuncin Walsh ne da mai shari'a Budd suka rubuta, shi amincewa ya yi. Sannan a 1966 ɗin dai kotun nan ce a shari'ar Nicolaou ta ce uban da bai auri uwar ba bashi da ta cewa in za a ba da ɗiyarsa riƙo ga wasu, mutum yana so ya riƙe yarsa aka ce ba sai an ji ta bakinsa ba. Ina kare haƙƙin yake a nan

Nura: Wannan na Nicolaou ni ma ya dame ni gaskiya, bani da abin kare shi

Barista Hauwa: Nima ba zan kare shi ba, tabo ne, kuma su kansu lauyoyin Ailan sun daɗe suna sukar sa. Maganar Walsh kuma ba wanda ya musa girmansa, amma shugaban kotu da zai bar na ƙasa da shi ya yi fice ya kuma ba shi ƙuri'arsa a lokacin da ake buƙata ba ƙaramin abu ya yi ba, a Byrne ɗin ma akwai alƙalin da ya ƙi yarda. Kuma akwai waɗanda da hannunsa ya rubuta. Shari'ar Ryan, matar da ta ƙalubalanci zuba sinadarin fuloraid a ruwan famfo, ta faɗi a shari'ar amma mai shari'a Kenny a babbar kotu ya ce akwai haƙƙoƙin da kundi ke karewa ko da ba a lissafa su da suna ba, kamar haƙƙin kada a taɓa lafiyar jikinka, O Dali ne ya tabbatar da wannan a kotun ƙoli, daga nan ƙofa ta buɗe. Sai kuma wadda na fi so, Haughey 1971. Kwamitin majalisa na binciken fam 100,000 da aka ware don agajin mutanen Arewacin Ailan, suka kira ɗan uwan tsohon ministan kuɗi Charles Haughey ya ƙi amsa tambayoyi, babbar kotu ta ɗaure shi wata shida. O Dali ya ce in kwamiti zai saurari zargin da zai ɓata sunan mutum, toh dole a ba shi kwafin shaidar da aka bayar a kansa, a bar lauyansa ya yi wa masu zargin tambayoyi, a bar shi ya kawo tasa shaidar, a kuma bar shi ya yi jawabin kare kansa. Har yau duk kwamitin bincike a ƙasar da wannan ma'aunin ake auna shi

Auwal Dublin: Wannan kam haka ne, in ana zaman bincike a nan zaka ji lauyoyi a labarai suna ambaton haƙƙoƙin Haughey kamar sunan wata doka ce

Sadiya: Toh shi ministan me ya same shi daga baya? Kuma don Allah me ya sa tun farko ya bar alƙalin alƙalai ya tafi Turai

Nura: Ailan ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai ranar 1 ga Janairu 1973, kowace ƙasa tana ba da alƙali ɗaya, shi suka tura, kuma yana jin Faransanci wanda da shi kotun ke aiki. Bai yi shekara biyu ba shugaba Erskine Childers ya rasu kwatsam a Nuwamba 1974, jam'iyyu suka haɗu a kansa ba zaɓe, har da ita gwamnatin Cosgrave ɗin. Donegan kuma ba a kore shi ba, a Disamba 1976 aka mayar da shi ma'aikatar filaye, Patrick Hillery ya zama shugaban ƙasa, a zaɓen 1977 gwamnatin ta sha mummunan kaye hannun Jack Lynch na Fianna Fáil

Kabiru: Kayen 1977 dai kar a ɗora shi duka a kan wannan, akwai tsadar rayuwa da rashin aiki da alƙawuran da Fianna Fáil ta zuba. Ni inda na tsaya yanzu, na janye maganar cewa zuciya ce kawai, laifin Cosgrave ya fi yawa tunda an kawo masa murabus har tebur ya mayar. Amma har yanzu ina ganin da ya karɓi Donegan ya saurare shi ko da daga baya zai ajiye, alƙalin da ya ce a ba kowa dama ya kare kansa bai kamata ya rufe wa mai ban haƙuri ƙofa ba

Baba Majistare: Wannan magana ce mai kyau ɗana kuma ban taɓa kallonta ta nan ba. Sai dai ina ganin abin da ya hango shi ne da zarar ya karɓe shi sun sha shayi an ɗauki hoto, za a ce magana ta wuce tsakanin mutum biyu, alhali ba shi kaɗai aka zaga ba. Ban haƙurin da kujera take buƙata daga gwamnati ne, gwamnati kuwa ta riga ta nuna inda ta tsaya. Ban ce ka yi kuskure ba, ni dai nan na fi karkata

Auwal Dublin: Bayan ya sauka wani ƙauye ya koma can kudu maso yamma a yankin Kerry, Sneem sunansa, na taɓa ratsawa ta wurin da iyalina lokacin hutu, ƙaramin gari ne a bakin ruwa kuma akwai abin tunawa da shi a dandalin garin. Bai daɗe ba, ya rasu 21 ga Maris 1978 yana da shekara 67, a can aka binne shi

Sadiya: Anti Hauwa in kina da hukuncin Quinn ɗin ki turo min ta inbox don Allah, ina so in karanta wa yayana

Barista Hauwa: Zan duba cikin kwamfutata in na koma gida insha Allah, in ban turo zuwa bayan isha'i ba ki tuna min